Hunturu ya shigo, gwiwa ta ƙi: in koma iyo ne ko in haƙura?

Kawu Sale: Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah kar a mayar da ita wasa kamar yadda aka saba. Shekarata 57 yanzu. Tun watan 10 na rage gudu saboda gwiwar hagu, in ina sauko gangaren Lamingo sai in ji kamar ana soka min ƙusa a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ga kuma ƙurar nan da ta fara, in na fita da keke hanyar Vom da asuba kafin in kai Kuru maƙogwaro ya bushe hanci na zuba. To daga yanzu har ƙarshen Fabrairu ba ni da wata gasar tirayatalon (iyo, keke da gudu a jere) a gabana, shi ne nake tunanin in mayar da ƙarfina kan iyo, wanda dama a cikin ukun nan, iyo da keke da gudu, shi ne ya fi ba ni kunya. Bara da muka gwada ƙaramin zango, iyon mita 750 ɗin nan sau shida ina tsayawa ina riƙe bango, yaran da na girmi iyayensu sun daɗe a kan keke ni ina cikin ruwa ina haki. Sau nawa a sati ya dace da mai shekaruna? Kuma gudun in ajiye shi gaba ɗaya ne ko yaya?

Ɗan Auta: Kawu iyo a Jos a watan Disamba?? Ruwan alwala ma sai an ɗora a wuta fa hhhh

Kawu Sale: Ka ga abin da na ce kar a yi, shi ka fara da shi.

Baban Yusra: Wa alaikumus salam Kawu. Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba za ta yi daɗi ba, wahalar banza za ka yi. Mu yi lissafi. A zangon Olamfik iyo kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10. Irinmu da ke gamawa a awa uku da wani abu, minti nawa muke yi a ruwa? Arba'in in ya yi yawa. Keke kuwa kusan rabin gasar ce. Za ka kashe wata uku kana karkarwar sanyi kana biyan kuɗin shiga don ka rage minti uku ko huɗu, alhali wata ukun nan in ka ba keke da ɗaga ƙarfe sai ka rage goma. Sannan abin da ke cin mu bayan shekara 50 ai tsoka ce ke zubewa ƙashi na raguwa, ruwa kuma ba ya gina ƙashi tunda ɗauke maka nauyin jikinka yake yi. Ka sayi dambel biyu ka zauna a gida kawai.

Koci Danjuma: Baban Yusra lissafinka daidai ne a takarda, amma ka manta abu ɗaya. Ba mintunan da ka yi a ruwa ne matsalar ba, yanayin da ka fito da shi ne. Na ga Kawu ranar nan da ya fito, ya fi minti biyar yana neman takalminsa alhali yana gabansa, ƙafa na rawa, kilomita goman farko a keke kamar mai tura baro. Wanda ya fito daga ruwa numfashinsa a kwance shi ke cin amfanin keken da kake magana. Kuma iyo ba kamar gudu ba ne da ƙarfin hali ke kai ka, sana'a ce ta hannu, sai an koya. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, duk ɗan karkacen da jikinka ya yi birki ne. Yaushe za a koyi wannan in ba lokacin da babu gasa a gaba ba?

Baban Yusra: A shekara 57 za a koyi sabuwar sana'a?

Mama Rifkatu: Ni a 59 na koya, Baban Yusra, yanzu ina 63. Bayan na yi ritaya daga aikin nas bayana ya matsa min, ko shara ba na iya yi a sunkuye. Ranar farko ko fuskata na kasa sawa a ruwa, jikata 'yar shekara tara tana min dariya. Sati biyu ba abin da na yi sai tsayawa a gefen da ruwa ke kai min ƙirji ina nutsa kai ina hura kumfa ta hanci. Yanzu ina yin mita 1,000 ba tsayawa, a hankali dai kamar kunkuru amma ina yi. Kawu kar ka ji tsoron maganarsa.

Kawu Sale: Mama kin ƙarfafa min gwiwa, ko da yake gwiwar ce ma ke ciwo.

Koci Danjuma: Kawu ga yadda zan ba ka shawara. Sau uku a sati, minti 25 zuwa 30 kowace shiga. Ya fi maka ka shiga sau ɗaya ka yi awa ɗaya da rabi, domin da zarar ka gaji hannu ya lalace, sai ka koma koya wa jikinka kuskure. Satin farko da na biyu kar ka ƙirga nisa sam. Tsallake ɗaya na mita 25, ka tsaya ka huta sakan 30, ka sake, kamar sau goma zuwa sha biyu. Abin da nake so ka lura da shi shi ne numfashi, ku masu gudu kuna riƙe iska a ciki in fuska na cikin ruwa, sai kun ɗago sannan ku fitar ku shaƙa lokaci guda, shi ya sa tsallake biyu kake jin kamar an shaƙe ka, ba rashin ƙarfi ba ne. Fitar da iskar tun fuska na ciki, in ka juya kai shaƙa kawai za ka yi. Na biyu kai: ka kalli ƙasan kwamin iyon, in ka ɗaga kai kana kallon gaba ƙugu da ƙafafu nutsewa za su yi kamar sikeli, kana jan su kamar buhun dankali. Na uku idon sawu, shekara talatin kana gudu ya ƙage, ƙafar tana tsaye kamar fartanya maimakon ta miƙe, ka samu gajeren takalmin agwagwa zai taimaka ya sake ta. In mita 25 ta zama ba komai sai mu koma 50, sai 100 sau shida. Kafin azumi insha Allah 750 ɗin za ta zo da kanta.

Isiyaku Bayawuri: Ku dai kuna wahalar da abu. Mu a Yawuri wa ya koya mana hura kumfa? A kogin Kwara muka tashi, yaro ɗan shekara shida yana tsallake reshen ruwa kansa a sama. Kuma me ya sa sai an biya kuɗin otal? Ga kududdufan kuza nan birjik daga Rayfield har Bukuru har Barkin Ladi, ruwa kyauta, kuma gasar ma ai a buɗaɗɗen ruwa ake yi ba a kwami mai layi a ƙasa ba. Kawu ka zo ranar Asabar in kai ka wani.

Mama Rifkatu: A'a Isiyaku. A'a. Na yi aiki a ɗakin gaggawa, na san abin da ake kawo mana daga ramukan nan.

Koci Danjuma: Malam Isiyaku ramin kuza ba kogi ba ne. Injin ne ya haƙa shi tun zamanin Turawa, bakinsa a tsaye yake, taku biyu ka wuce tsayinka, ƙasa laka ce mai kama ƙafa, sama ruwan da ɗan ɗumi ƙasa kuma ƙanƙara, in jijiyar ƙafa ta ɗaure maka a tsakiya ba bangon da za ka riƙe. Mutumin da ke tsayawa sau shida a 750 za ka kai can?

Isiyaku Bayawuri: To na ji, na janye na Kawu. Amma maganar kai a sama ban janye ba, a gasa dole ka ɗago ka ga inda za ka.

Koci Danjuma: Wannan gaskiyarka ce, ana ɗagowa a duba alama bayan kowane 'yan hannu, ido kawai kamar kada. Amma darasin watan uku ne wannan ba na satin farko ba.

Dakta Hauwa: Salam, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo sama da talatin. Kawu kafin duk wannan, yaushe rabonka da gwajin zuciya? Ba awon hawan jini a kemis nake nufi ba. Dalilina shi ne, an bi diddigin waɗanda suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a gasannin tirayatalon a Amurka daga 1985 zuwa 2016, mutum 135, 90 daga ciki a ruwa abin ya same su, ba a keke ko gudu ba, mafi yawansu maza ne, kuma haɗarin na ƙaruwa da shekaru. Da yawa cikin waɗanda aka bincika gawarsu an samu ciwon zuciya da ba su san da shi ba. Ba wai iyo ne mugu ba, gaba ɗaya abin ba ya yawan faruwa, sai dai a kan titi in ƙirji ya riƙe ka za ka zauna a bakin hanya wani ya gan ka, a ruwa babu wurin zama. Ga kuma sanyi. In ka faɗa ruwa mai sanyi farat ɗaya jiki na ja da numfashi ba da sonka ba, jijiyoyin fata su tsuke, jini ya hau, zuciya ta ƙara gudu, duk a minti ɗaya ko biyun farko. Ga matashi ba komai, ga mai 57 da ke shan maganin hawan jini abin dubawa ne. Ka je a yi maka i-si-ji, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, ka faɗa wa likitan ainihin abin da za ka yi. In ka zo shiga ka sauka ta tsani, ka jiƙa fuska da wuya, ka jira numfashi ya daidaita. Kuma kar ka taɓa shiga kai kaɗai, ko da kwamin otal ne.

Kawu Sale: Dakta kin tsorata ni wallahi. Maganin hawan jinin ina sha, shekara huɗu kenan, ƙwaya ɗaya da safe.

Dakta Hauwa: Ba tsoratarwa ba ce Kawu, ni ma ina goyon bayan ka shiga. In ruwa ya kai maka ƙirji gwiwar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinka kawai take ɗauka, wane hutu ya fi wannan? Amma iyon kwaɗo ka bar shi tukuna, shurin nan na buɗe ƙafa yana murɗa cikin gwiwa. Kuma ciwon da ke ƙarƙashin ƙoƙo wurin gangara ba iyo ne zai warkar da shi ba, hutu kawai zai ba shi, maganinsa ƙarfafa cinya da ƙugu, a nan Baban Yusra yana da gaskiya. Ka ga mai gashin ƙashi na asibiti ya duba ta. Af, Isiyaku, kai kuma tunda a kogi ka tashi ka taɓa gwajin tsargiya? Ruwan da ke da dodon koɗi ta fata ƙwayar ke shiga, ba sai ka sha ba, kuma tana iya shekaru a jiki shiru.

Isiyaku Bayawuri: Dakta a garinmu yaron da bai yi fitsarin jini ba ai ba a ɗauke shi ya balaga ba hhh. An ba mu ƙwayar a makaranta dai.

Baban Yusra: Alhamdu lillahi Dakta ta ce ina da gaskiya, a rubuta a ajiye.

Dakta Hauwa: Rabin gaskiya na ce. Kawu ya yi iyo uku, ƙarfe biyu, keke ɗaya ko biyu da rana ta ɗaga, gudun kuma kar ya mutu gaba ɗaya, ko tafiya mai sauri ce a fili minti 30 sau biyu a sati. In ka ajiye wata uku cur, ranar da ka dawo huhu zai ce mu je, agara da ƙashi su ce ba mu san zancen ba, nan ake jin rauni.

Kawu Sale: Uku da biyu da biyu da biyu ai tara kenan Dakta, satin kwana bakwai ne, kuma ina da iyali.

Koci Danjuma: Haɗawa ake yi Kawu. Ƙarfen minti 20 ne a tsakar gida ranar da ba iyo, tafiyar kuma ita ce zuwa masallacin Juma'a da dawowa in ka bar mota. Rana ɗaya a sati ba komai, wannan dole ce a shekarunka, ta ma fi sauran muhimmanci.

Alhaji Nasiru Abuja: Ina ta karantawa ina dariya, mutanen Jos kun sha sanyi. Mu nan Abuja ko a Janairu da rana ruwan lafiya lau, ku kuna sama da mita 1,200 mu muna ƙasa, da ka sauko Hawan Kibo ka cire rigar sanyi. Kawu in ka samu dama ka zo ka yi mana kwana biyu. Abin da zan ƙara, ka auna tsawon kwamin da za ka riƙa shiga da tef, yawancin na otal ba su kai 25 ba, wani 15 wani 18, ni na yi wata biyu ina alfahari ina yin kilomita ashe 700 nake yi, sai da na shiga mai mita 50 na filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, na kai tsakiya na ga bango ya ƙi zuwa. Kuma ka duba ruwan kafin ka biya. Wani otal da ba zan kira suna ba na biya kuɗin wata uku gaba ɗaya, sati na uku injin tace ruwan ya lalace, ruwa ya koma kore kamar miyar kuka, manaja kullum gobe gobe, na ƙare da ciwon kunne ga kuɗina sun tafi. In ba ka ganin ƙasan kwamin daga sama kar ka shiga, kuma wata-wata za ka biya. Maganar shekaru kuwa Baban Yusra, wani ɗan Japan Hiromu Inada ya gama Ironman, doguwar gasar tirayatalon ta Hawaii, a 2018 yana da 85, iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42. Kuma sai bayan ya yi ritaya ya fara iyon. Kawu ai jariri ne a gabansa.

Baban Yusra: Shi ɗan Japan ɗin ruwan ɗumi yake atisaye a ciki Alhaji, ba ruwan Bukuru ba.

Mama Rifkatu: Sanyin yana da dabara. Ba a zuwa da safe, tsakanin 12 da 2 ake zuwa lokacin rana ta bugi ruwan, ku masu sallah ku yi azahar ku shiga ko ku shiga ku fito ku yi. Hular roba biyu nake sawa. Filas ɗin shayi da citta yana cikin jaka, ina fitowa in goge jiki in sa suwaita kafin ma in tsaya gaisawa da kowa, don sanyin gaske bayan an fito yake kamawa, minti goma sai ka ga haƙora na haɗuwa. Da ka ji yatsu sun fara ƙin haɗuwa a cikin ruwa fita kawai, ko saura tsallake nawa. Sannan man kaɗe, sinadarin ruwan nan da iskar hunturu in suka haɗu a fata sai ka yi fari kamar wanda ya yi dambe da buhun fulawa, diddige ya tsage.

Ɗan Auta: Kawu ka leƙa gwanjo a Katako, wani lokaci ana dacewa da rigar robar nan ta masu shiga teku, masu sayarwa ma ba su san ta mece ce ba. Ka ga yanzu na kawo magana mai amfani.

Koci Danjuma: In ya samu daidai jikinsa ya saya, amma rigar tana ɗaga mutum sama, tana ɓoye nutsewar ƙafar da muke son gyarawa, kuma gasar da ruwanta ke da ɗumi ba a yarda a sa ta. Mara hannu ta fi, ko rigar ƙirji kawai.

Malam Habu: Ba a yi maganar azumi ba, kuma yana tafe ƙarshen lokacin da Kawu ya ɗiba. Mai koyo dole ya kurɓi ruwa, ni ba zan ba shi shawarar shiga da rana ba, bayan shan ruwa kuma wuraren sun rufe ga sanyi ya sauko. Ya matsa yanzu ya samu abin da zai samu.

Hajiya Binta: Ni tambayata daban ce, Mama Rifkatu inda kike zuwa akwai lokacin mata zalla? Ina da kayan iyon masu rufe jiki tun bara suna cikin leda.

Mama Rifkatu: Babu a rubuce, amma Talata da Alhamis da rana ba kowa, daga ni sai mai gadin ruwan. In mun kai mu biyar za mu iya roƙon a ware mana awa ɗaya. Ki min magana ta gefe.

Kawu Sale: Jama'a salam, na dawo da rahoto bayan sati uku. Gwajin zuciya an yi, likita ya ce in je amma in bi a hankali, ya kuma ce kar in dogara da agogon hannu wurin ƙirga bugun zuciya tunda a ruwa bugun yakan yi ƙasa da na gudu ko da wahalar ɗaya ce. Kwamin na auna shi, mita 20 ne, Alhaji Allah ya saka. Na sayi ma'aunin zafi na ɗari bakwai na jefa, ƙarfe ɗaya na rana ya nuna digiri 21, ranar da hazo ya rufe rana 19, ranar minti 12 na yi na gudu. Kumfar Mama ta yi aiki, jiya na yi tsallake goma ba tsayawa, mita 200 kenan, na fito ban ga duhu ba. Gwiwa ta yi shiru har na manta da ita a matakalar banki. Sai dai laifina ɗaya, wani yaro ya ara min faifan nan da ake ɗaurawa a tafin hannu, na ji ina tafiya kamar jirgi na yi ta yi, yau kafaɗar dama ko hula na kasa ɗorawa da ita.

Koci Danjuma: Kawu wa ya aike ka? Faifan nan nauyi yake ƙara wa kafaɗa, ga hannunka har yanzu yana tsallake tsakiyar kai wurin shiga ruwa, ga kafaɗar shekara 57. Mayar masa da kayansa. Kwana huɗu ba hannu, allon koyon iyo kawai da ƙafa, shi ma ka rungume shi a ƙirji kar ka miƙe hannu a kansa. Ka samu robar tayar keke ka ɗaura a ƙofa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari ka riƙa ja waje a hankali, 15 sau biyu, in ba zafi.

Dakta Hauwa: In ta hana ka barci a kanta ko ta wuce sati ba sauƙi ka zo a gani.

Baban Yusra: Mun gudu daga gwiwa mun faɗa kafaɗa. Dambel ɗin fa Kawu, ka saya?

Kawu Sale: Galan biyu na cika da yashi, suna bayan ƙofa.

Baban Yusra: Suna bayan ƙofa ko ana ɗagawa?

Kawu Sale: Asabar ƙarfe 12 da rabi ina can, Koci ya ce zai zo ya ɗauke ni bidiyo ta gefe in ga ƙafafun da ake cewa suna nutsewa. Baban Yusra ka zo ka riƙe min filas.

Baban Yusra: Zan zo amma ba zan cire ko safa ba.